Insha'i a Aji, Talla a Kasuwa: Ingancin Rubutun Tallan Kayan Noma a Yankin Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

Daga watan Afrilu zuwa Yuni, lokacin da manoman kudancin Jihar Katsina ke sharar gona da tanadin iri, kasuwannin Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗandume sukan cika da rubutu. Akwai na allunan shaguna, da na jikin buhunan taki, da na takardun da ake mannawa a kwalaben maganin feshi, da kuma saƙonnin da dillalai ke turawa ta WhatsApp. Hatta sanarwar da ake ji a rediyo, a takarda take farawa kafin ta kai bakin mai karantawa. Kaso mai yawa na wannan rubutu da Hausa ake yin sa, kuma a kansa manomi ke yanke shawarar inda zai zuba jarinsa na shekara guda.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ingancin irin wannan rubutu a aji ake ƙulla shi, tun daga darasin insha'i na firamare da sakandare. Don haka raunin da ake gani a tallan kayan noma na Hausa rauni ne na koyar da rubutu, kuma sassan nazarin Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi suna da kaso a cikin alhakinsa, tun da su ne ke yaye malaman da ke koyar da darasin.

Yankin da ya daɗe da sanin kasuwa

Noman wannan yanki ya daɗe da zama noman kasuwa. Ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, wadda aka kafa a Mancesta a 1902, ta gina injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, sannan layin dogo da ya tashi daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya ratsa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920. A tsakiyar shekarun 1970 kuma Funtuwa ta zama ɗaya daga cikin wurare uku na farko, tare da Gusau da Gombe, da aka kafa shirin raya aikin gona da rancen Bankin Duniya. Shirin ya yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara, har masara ta tashi daga amfanin bayan gida ta zama babban amfanin sayarwa. Tun daga lokacin, manomin Ƙafur ko Faskari ko Ɗanja ya koma mai sayen abin da ba shi ya haɗa ba, ba kuma zai iya tantance ingancinsa da ido ba. Takin gargajiya ana gane shi da gani. Abin da ke cikin buhun kamfa ko kwalbar maganin ciyawa kuwa sai an gaya wa mutum.

A gefe guda kuma, yankin yana maƙwabtaka da cibiyar da aka raini rubutun Hausa na boko. A Zariya Hukumar Talifi ta zauna ƙarƙashin Rupert East, a can aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, a can kuma hukumar NORLA ta riƙa fitar da littattafan Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. Littafin Ikon Allah na East da Imam ya nuna tun wancan zamani cewa ana iya bayyana kimiyya da Hausa mai sauƙi ba tare da an tauye ma'ana ba. A Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda asalinta ya koma 1922, da cibiyar NAERLS mai wallafa takardun faɗakar da manoma. Ke nan yankin bai rasa magabata a fannin rubuta bayanin noma da Hausa ba. Tambayar ita ce, me ya sa rubutun da ke kasuwa a yau bai gaji wannan ƙwarewa ba?

Abin da darasin insha'i ke ba mai talla

Abu na farko shi ne ƙa'idojin rubutu. Haruffa masu lanƙwasa da rabon kalmomi su ne suka fi shan wahala a allunan shaguna. Wanda ya rubuta "maganin kwari" ya ambaci gangaren ƙasa, alhali ƙwari yake nufi. "Kara" ba "ƙara" ba ne, "bari" ba "ɓari" ba ne, "kaya" kuma ba "ƙaya" ba ne. Dillalin da ya rubuta "za mu bashi taki" ya haɗe kalmomi biyu, ya haifar da ta uku wadda manomi ya fi tsoro. Gaskiya ne cewa mafi yawan lokuta muhallin magana yakan fitar da mai karatu daga ruɗani. Amma wannan ya shafi wanda ya goge da karatu ne. Manomin da ya tsaya a aji huɗu, ko ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, harafi-harafi yake haɗawa, kuma duk kuskure guda tuntuɓe ne a gare shi. Duk da haka, ƙa'idar rubutu ita ce mafi ƙanƙanta a cikin abubuwan da ake magana a kai.

Na biyu shi ne jeranta tunani, wanda shi ne ginshiƙin insha'in bayani. Buhun ajiyar wake na PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, misali ne mai kyau. Buhu ne mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, kuma yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. Amfaninsa ya rataya ga bin matakai daki-daki: a busar da wake sosai, a duba ledojin ko sun huje, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane ruɓi daban, kada kuma a riƙa buɗewa. Tallan da ya tsallake mataki guda, ko ya gabatar da na baya a gaba, ya sayar da buhu ya kuma ɓata wake. Yaron da aka koya wa rubuta yadda ake yin wani abu, aka kuma tilasta masa ya jera matakan yadda wani zai iya bi ba tare da tambaya ba, shi ne zai iya rubuta irin wannan talla idan ya girma.

Na uku shi ne zaɓen kalma. "Maganin ciyawa" suna ne guda da ya rufe abubuwa mabambanta. Akwai wanda ke kashe duk wani koren tsiro da ya taɓa, kamar gilayifoset, wanda ake fesawa kafin shuka ta fito. Akwai wanda masara da dawa ke jurewa amma yake cutar da wake da waken soya da auduga, kamar atarazin. A yankin da ake haɗa amfani biyu ko uku a gona ɗaya, tallan da ya tsaya a kan "yana kashe ciyawa ƙurmus" bai gaya wa manomi abin da ya fi bukatar sani ba. Haka ma kalmomin "tallafi" da "rance". Shirin ba manoma lamuni na Babban Bankin Nijeriya da aka ƙaddamar a Jihar Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya sha fama da matsalar rashin biya. Dalilan suna da yawa, daga siyasa zuwa rashin tsaro da ambaliya, ba kuma za a ɗora wa harshe duka ba. Sai dai duk sanarwar da ta kira bashi da sunan tallafi ta riga ta shuka rigimar da za a girba ranar biya.

Na huɗu shi ne daidaita awo. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, eka kuwa kimanin 4,047, wato hekta ta kusa eka biyu da rabi. Kalmar "kadada" kuma wasu hekta suke nufi da ita, wasu eka. Idan takardar kamfani ta ce a fesa lita huɗu a hekta, mai fassara ya mayar da hektar eka, manomi zai zuba ninki biyu da rabi na abin da aka ƙayyade. A ɓangaren taki ma haka abin yake. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, domin kashi 46 cikin ɗari ne. Buhun NPK 15-15-15 yana da kilo 7.5, na 20-10-10 kuma kilo 10. Tallan da ya ce "taki mai ƙarfi" bai faɗi komai ba. Wanda ya bayyana ma'anar lambobin nan uku da Hausa, ya kuma juya mililita zuwa murfin kwalba ko gwangwanin da manomi ya sani, tare da faɗin girman famfon goyon da ake nufi, ko mai lita 16 ne ko mai 20, shi ne ya yi aikin marubuci.

Na biyar, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne riƙon amanar mai karatu. Insha'in muhawara yana koya wa ɗalibi cewa da'awa tana bukatar hujja, kuma ɓoye abin da bai yi wa mutum daɗi ba rauni ne a rubutu. Irin masarar da manoma ke kira mai aure yana ba da yabanya mai kyau, amma yana son taki isasshe, kuma idan aka ɗebi iri daga abin da aka girbe aka sake shukawa, amfanin yakan ragu. Tallan da ya faɗi na farko ya haɗiye na biyu zai yi ciniki a bana, ya rasa amincewar ƙauye guda a baɗi. Maganin ƙwari ma yana da adadin kwanakin da ya wajaba a jira tsakanin feshi da girbi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan ragowar sinadarin dayikulobos da aka samu a jikinsa. Kafin wannan wake ya kai tashar jiragen ruwa, a tukunyar gida aka fara dafa irinsa.

Hujjojin masu ja

Akwai hujjoji uku da ake kafawa a kan wannan ra'ayi, kuma kowace tana da ƙamshin gaskiya.

Ta farko ita ce, Bahaushen manomi mai sauraro ne, kuma tallan Hausa na asali na baka ne: kiran 'yan talla, da kirarin masu magani a cin kasuwa, da shelar sanƙira, da waƙar makaɗa irin su Alhaji Mamman Shata, wanda ya yi zaman Bakori da Funtuwa. Wannan haka yake, kuma marubucin talla da bai san karin maganar kasuwa ba zai rubuta abin da ba ya shiga kunne. To amma kirari aikinsa jan hankali ne da kambamawa. An gina shi a kan zuguguwa, mai sauraro kuma ya san da haka, yana rage wa maganar kaso da kansa. Kayan da ake aunawa da mililita ba su jure zuguguwa. Bugu da ƙari, mai shagon da ke yi wa manomi bayani da baki, daga takarda ya samo bayanin. Idan takardar ta karkace, bakin ma ya karkace, sai dai a ce kuskuren ya ƙara nisa.

Ta biyu ita ce, kaya mai kyau shi ke sayar da kansa, gani kuma ya kori ji. Manomi ya fi yarda da gonar maƙwabcinsa a kan kowace takarda, shi ya sa gonakin gwaji suka fi komai tasiri a aikin malaman gona. Sai dai gonar maƙwabci tana nuna sakamako ne kawai. Ba ta faɗin ranar da aka fesa, ko yawan abin da aka zuba, ko tazarar da aka bari tsakanin shuka da shuka. Kuma a lokacin da sabon abu ya shigo, kamar tsutsar da ta afka wa masara tun daga 2016, ko irin waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar kwanso da aka saki a 2019, babu maƙwabcin da ya riga ya gwada. A irin wannan gaɓa, bayani ne kaɗai ke hannun manomi.

Ta uku ita ce, na'ura ta ɗauke wannan nauyi. Manhajar fassara ta Google ta shigar da Hausa tun 2013, kuma a yau akwai manhajojin da ke tsara talla cikin daƙiƙoƙi. Amfaninsu a fili yake. Amma abin da suka koya daga rubutun da ke intanet suka koye shi, wanda mafi yawansa labarai ne da hirarrakin shafukan zumunta. Kalmomin gona irin su kamfa da sufa da wuta-wuta da huɗa da firi da maimai ba su da yawa a can. Dole a sami mutumin da zai karanta abin da na'ura ta fitar ya gane inda ta kauce, kuma wannan mutum ajin insha'i ne ke samar da shi.

Inda matsalar take

A manhajar sakandare, ɗalibin Hausa yana koyon insha'in labari da na siffantawa da na bayani da na muhawara da rubutun wasiƙa, ga kuma fassara da auna fahimta. A takarda, babu abin da ya rage. A aikace kuwa, jarrabawar WAEC da NECO ce ke jan ragamar darasin, har insha'i ya koma wani ƙwarangwal da ake haddacewa: gabatarwa, gundarin bayani, kammalawa, da karin magana ɗaya ko biyu don ƙawatawa. Mai karatun ɗalibi guda ne tak, wato mai ba da maki, wanda ba zai taɓa aiki da abin da aka rubuta ba. Ɗalibi yakan gama makaranta bai taɓa rubuta abin da wani zai bi ya aikata ba, balle ya ga illar kuskurensa. Ga cunkoson ajujuwa, wanda ke hana malami gyara rubutu ya mayar a sake. Ga kuma rashin tsaron da ya addabi ƙananan hukumomi irin su Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, inda sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disambar 2020 ya jawo rufe makarantu. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko na muhalli a farkon firamare, amma yara da dama sukan fita ba su nuna a Hausa ba, ba su nuna a Ingilishi ba.

A jami'a kuma, talla ya shiga nazarin Hausa ne a matsayin abin fiɗa. Ana rubuta kundaye a kan salon tallan rediyo, da adon harshe a allunan shaguna, da kurakuran rubutu a fastoci. Wannan aiki ne mai amfani, sai dai yakan tsaya a lissafa kurakurai. Ba kasafai ake mayar da talla abin da ɗalibi zai koyi rubutawa ba, wataƙila saboda ana ganin sa ƙasa da adabi. Muhawarar Adabin Kasuwar Kano ta shekarun 1990, wadda Farfesa Ibrahim Malumfashi ya kasance jigo a cikinta, ta tilasta wa manazarta su dubi rubutun da jama'a ke karantawa da gaske, ko sun yaba ko sun kushe. Rubutun jikin kwalbar magani ya cancanci irin wannan kulawa, domin kuskurensa a gona da cikin mutane yake bayyana.

Shawarwari

Da farko, malamin Hausa a Funtuwa ko Malumfashi yana iya shigo da kasuwa cikin aji ba tare da an canza manhaja ba. Buhun taki da babu komai a ciki, ko hoton takardar jikin kwalba, ya isa darasin fassara da na insha'in bayani. A ba ɗalibi ya rubuta umarnin da Hausa, a miƙa wa abokinsa ya karanta ya faɗi abin da zai aikata. Idan abin da ya faɗa ya saɓa wa abin da ake nufi, a mayar wa marubucin ya sake. Ta haka ɗalibi zai gane cewa ma'aunin rubutu shi ne abin da mai karatu ya fahimta.

Na biyu, sassan Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da Jami'ar Ahmadu Bello, da kwalejojin ilimi na Katsina da Dutsin-ma, su buɗe darasin rubutun aiki, wanda zai ƙunshi talla da sanarwa da takardar umarni da rubutun rediyo. A riƙa tura ɗalibai gidajen rediyo da kamfanonin iri da hukumar KTARDA domin su ga yadda ake aikin.

Na uku, a tattara ƙamus na kalmomin noman zamani da haɗin gwiwar masana harshe da masana aikin gona na Samaru. A fara da abin da manoma suka riga suka raɗa da kansu kafin a ƙirƙiro sabo, a kuma yanke hukunci guda a kan kalmomin awo, musamman kadada. An yi irin wannan aiki ga kalmomin nazarin harshe da adabi a littafin Hausa Metalanguage na 1990 wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. Babu dalilin da zai hana a yi wa gona.

Na huɗu, hukumomin da doka ta ɗora wa sa ido, wato NAFDAC mai rajistar magungunan feshi, da ARCON mai tace tallace-tallace, da hukumar kula da iri ta ƙasa, su riƙa duba nassin Hausa da idon wanda ya san harshen, kamar yadda suke duba na Ingilishi. Ya dace gargaɗin lafiya da adadin awo da kwanakin jira su fito da Hausa a jikin duk maganin da za a sayar a ƙasar Hausa. Inda wuri ya ba da dama, a ƙara da ajami, domin akwai manoma da yawa da allo ya ba su karatu ko da boko bai ba su ba.

Kammalawa

Kamfani yana iya ɗaukar ƙwararren mai zane, ya sayi lokaci a rediyo, ya buga fasta mai sheƙi. Abin da ba zai iya saya a rana ɗaya ba shi ne marubucin da ya saba tambayar kansa wane ne zai karanta, me kuma zai aikata bayan ya karanta. Wannan sabo ne da ake ginawa cikin shekaru, a hannun malamin da ke karɓar rubutu ya gyara ya mayar, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan manazarta Hausa suna neman hujjar da za su nuna wa gwamnati da iyaye cewa darasin insha'i yana da amfani a wajen zauren jarrabawa, shagunan kayan noma na Funtuwa da Malumfashi sun isa hujja, kuma a can ya kamata aikin gyaran ya fara.